Saura Ce, Ba Saura Ne Ba: Tunawa da Dakta Rahila

Ina tsugune a gandun renon itatuwa da ke bayan ofishinmu a Zuru, ina tayar da dashen ɗorawa da ruwan ƙarshen damina ya kwantar, sai wayata ta yi ƙara. Malam Yakubu ne, mijin Dakta Rahila. Tun daga sallamarsa na sha jinin jikina, domin mutum ne mai doguwar gaisuwa, sai ya tambayi gida da yara da gona kafin ya faɗi abin da ya sa ya kira. Ranar bai tambayi kowa ba. Ya ce, "Sarkin Daji, 'yar'uwarka ta huta." Ita kaɗai take kirana da wannan suna, shi bai taɓa ba sai ranar. Na ce to, na ajiye wayar a kan bokiti, na ci gaba da abin da nake yi kamar ban ji ba.

Mun san tana jinya a Abuja tun bara, mun kuma san ciwon ba na wasa ba ne. Duk da haka labarin ya dake ni. Ni jami'in gandun daji ne, aikina dasa itace da faɗa da masu sare shi, ba ni da ilimin da zan auna aikin masaniyar tattalin arziki irinta. Waɗanda suka zauna da ita a manyan tarukan duniya su za su yi wannan. Ni abin da idona ya gani zan faɗa, har da inda muka saɓa, domin a rayuwarta ba ta son yabon da aka yi wa kwalliya.

Mahaifinta, Saja Bawa, soja ne, kamar da yawa daga cikin iyayenmu a ƙasar Zuru. A bariki aka haife ta, can ta yi wayo. Da ya ajiye kaki ya kwaso iyalinsa ya dawo gida, tana 'yar firamare. Ta sha ba ni labarin ranar da ya ja ta zuwa gindin dutse, ya tsaya a gaban wani kurmi na sabara da kargo wanda ya fi shi tsawo, ya ce mata ga gonarsa. Ta ce ita ta ɗauka aikin soja ya taɓa masa kai. Amma washegari ya sa gatari, kuma a duk garin ba wanda ya ce masa don me, domin kowa ya san wurin nasa ne tun kafin ya tafi. Da dawar wannan gona aka biya mata makaranta.

Ajinmu ɗaya da ita. A lissafi ba ma ganin ƙurarta, kuma ba ta ɓoye jin daɗin hakan. Ni kuwa nawa aikin shi ne binne ƙwallon mangwaro a bayan aji da korar awakin malamai daga kansa, shi ya sa ta laƙaba mini Sarkin Daji. Da sunan ta ci gaba da kirana har na yi furfura. Ita ta wuce jami'a ta karanta tattalin arziki, ta tafi ƙasar waje ta yi digirin digirgir, ta dawo tana koyarwa. Abin da ta ƙware a kai shi ne ƙasa: yadda ake amfani da ita, da wanda ke cin moriyarta, da yadda za a san darajar wurin da ba a ga kowa yana noma shi ba. Lokacin da ƙasashen duniya suka tashi haiƙan a kan maganar sauyin yanayi, gwamnati ta sa ta cikin kwamitin da ke ba da shawara, ta zama tana cikin masu wakiltar Nijeriya a tarukan da ake yi.

Mu a gida ba mu gane aikin ba sai ranar da na ji tana yi wa mahaifiyarta, Mama Tabita, bayani a tsakar gida. Ta ce masana'antun manyan ƙasashe suna fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya, shi ya sa ruwan sama ya daina zuwa a kan lokacinsa. Itace kuwa yana shanye wannan hayaƙi. Don haka aka ƙirƙiro wata kasuwa, ana ce mata kasuwar kabon, inda mai masana'anta a can zai biya mai dasa itace a nan, ladan shanye masa ɓarnar da ya yi. Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ta ko ke nan iska take sayarwa. Rahila ta yi dariya har da hawaye, ta ce kusan haka ne. Daga ranar duk wanda ya tambayi Mama aikin 'yarta, sai ta ce tana Abuja tana sayar da iska, kuma wai akwai masu saye.

A waɗannan taruka, kamar yadda abokan aikinta suka gaya mini, magana ɗaya take maimaitawa har aka san ta da ita. Tana cewa kada a ƙidaya manyan dazuzzuka kaɗai, a manta da itatuwan da ke tsaye a gonar talaka. Manomin da ya zo sharar gona ya kewaye ɗorawa da kaɗanya bai sare su ba, ya daɗe yana yi wa duniya aiki kyauta, ba wanda ya ce masa sannu. Ɗalibanta kuma sun haddace wata maganarta. Takan ce musu, "An koya mana mu tambaya nawa ne. Ni ina so ku raba kalmar biyu. Kafin ku ce nawa ne, ku ce na wa ne."

Duk wannan girma bai canja yadda take shigowa gari ba. Takan tuɓe takalmin Abuja a ƙofar gida, ta durƙusa har ƙasa ta gaida tsofaffi. Washegari za ka gan ta a shagon Oga Emeka, ɗan kasuwar nan da ya fi wasunmu daɗewa a Zuru, tana tambayarsa farashin kananzir, ba don za ta saya ba. Shi ma ya saba, yakan ce Dakta ta zo duba lafiyar kasuwa. Na taɓa tambayarta amfanin wannan, ta ce da farashin kananzir take sanin yawan aikin da zan sha a wannan wata, domin duk ranar da ya hau, matan gari itace za su koma. Na lura, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani kamfani na ƙasar waje ya zo neman wurin da zai dasa itatuwan turare masu yawa don ya sayar da kabon. Rahila ce ta yi ta faɗi-tashi har suka yarda su duba ƙasar Zuru, domin tana so abin da take magana a kansa a ƙasashen mutane ya amfani nata mutanen. Sharaɗin wannan kasuwa shi ne wurin ya zama wanda ba a amfani da shi. Kamfanin ya duba hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauka, ya ga wani fili mai faɗi a bayan Dabai, daga rafi zuwa gindin dutse, babu kunyar noma ko ɗaya sai ciyawa da ƙananan itatuwa. Suka tura ma'aikatansu da tafinta suka tambayi dattawan ƙauyen da ke kusa, suka dawo suka ce mutanen gari da bakinsu sun tabbatar fili ne da ya rage musu, ba su da bukatarsa. Nan da nan hukuma ta kafa duwatsun iyaka, ta hana kowa sa gatari a ciki. Za a kewaye wurin da waya, ba noma ba kiwo, har yaron da ke goye ya aurar da nasa ɗan.

Ba zan ɓoye ba, na fi kowa murna. Na gaji da roƙon kuɗin leda da taki, ga shi an ce za a dasa daji guda a ƙofar gidana. Samari kuma an yi musu alkawarin aikin gadi da ban ruwa. Abu ɗaya ya rage, wato masani mai zaman kansa ya je ya gani ya sa hannu cewa ƙasar ba ta kowa ba ce, kuma Rahila aka ba wannan aiki. Kowa ya ɗauka an gama, tunda ita ta kawo su.

Muka je da safe, ni da ita da wakilin kamfanin da tafintansa. Mai gari, tsoho ne tukuf, yana zaune a inuwar ɗorawa da dattawansa. Rahila ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har baƙon ya fara duba agogo. Sannan ta nuna filin da hannu ta ce, "Baba, wancan wuri, daga rafi zuwa dutse, na wa ne?"

Ya ce, "Saura ne, ɗiyata."

Tafinta ya juya wa maigidansa ya gaya masa da Turanci cewa ga shi tsoho ya sake faɗa, abin da ya rage ne. Amma Rahila ba ta tashi daga durƙuson ba. Ta ce, "Sauran me, Baba?"

Tsoho ya dube ta kamar yana shakkar 'yar wa ce. Ya ce, "Saura dai. Ƙasa ya gaji, mun bar shi ya kwana. Ke ba ɗiyar Saja Bawa ba ne? Ina tsohonki ya iske nashi?"

Dole in tsaya in yi bayani saboda wanda ba ɗan nan ba. A Hausar da ake ji a rediyo, saura iri biyu ce. Akwai saura na abin da ya rage, kamar sauran tuwo, wannan namiji ne, saura ne ake cewa. Akwai kuma saura ta manomi, wato gonar da aka bari ta huta shekaru don ta dawo da ƙarfinta, wannan mace ce, saura ce ake cewa. Mu kuwa mutanen dutse Hausa harshenmu na biyu ce, ba mu cika wahalar da kanmu a kan namiji da mace ba. Tsohonmu zai nuna matarsa ya ce matana ne, kuma ba mai dariya. Tafintan nan yaron birni ne, Hausarsa tas, amma bai taɓa riƙe fartanya ba. Bai yi ƙarya ba, abin da kunnensa ya ji ya faɗa.

Rahila ta juya harshe zuwa C'lela, yarenmu na gida, ta roƙi tsoho ya nuna mata. Ya miƙe da sandarsa muka bi shi. Inda mu muke ganin ciyawa iri ɗaya, shi yana ganin iyaka: wannan dutse, wancan kututture, wancan suri. Ya ce nan na 'ya'yansu ne da ke aikin soja, wasu ma an kai su kwantar da tarzoma a wasu ƙasashe, ranar da suka ajiye kaki nan za su dawo. Can kuma an ajiye wa samarin da ke golmo, wato al'adarmu ta saurayi ya yi wa surukinsa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ya tambaye mu, ranar da yaro ya gama golmo aka ba shi matarsa, ina zai kai ta idan babu gona? Su a tunaninsu baƙin nan itace za su dasa musu a bakin iyaka su ƙara musu da taki. Maganar waya ba wanda ya taɓa yi musu ita.

Na san Rahila tun tana sa gajeren siket na makaranta, ban taɓa ganin fuskarta kamar ta ranar ba. Kunya ce da fushi a haɗe, domin ita ta kawo mutanen nan da ƙafarta. Ta koma inuwa ta zauna. Sannan ta gaya wa wakilin kamfanin, ba tare da ɗaga murya ba, cewa ba za ta sa hannu ba. Mutumin ba mugu ba ne, ya yi ta lallashinta. Ya ce a sassauta rubutun, a ce galibin wurin ba a amfani da shi a halin yanzu, ai wannan ba ƙarya ba ce. Ta ce masa, "Ƙasar da ke hutawa ba ta rasa mai ita ba. Kai ma idan ka tafi hutu, ba a raba ofishinka."

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba, kuma ya kamata mu mutanen Zuru mu tuna da shi yau da muke kuka. Kamfanin ya tattara ya koma wata jiha. Samarin da aka yi wa alkawarin aiki suka yi ta zaginta a tasha. Wani ɗan siyasa da ya riga ya yi shelar aikin a wajen taro ya ɗauke ta abokiyar gaba. Aka ce wani kamfani ne ya saye ta, aka ce boko ya sa ta raina arzikin garinsu, aka ce dama mace ba ta san sha'anin ƙasa ba. A coci akwai matan da suka daina amsa gaisuwar Mama Tabita da kyau, kuma wannan ya fi komai ci wa Rahila rai. A Abuja kuwa ba wanda ya ce mata komai. Sai dai da lokacin taron duniya na shekarar ya zo, ta duba ba ta ga sunanta cikin masu tafiya ba, daga baya kuma aka sake tsarin kwamitin babu ita.

Ni ma ban bar ta ba. Na same ta a gidan Mama muka zauna a tabarma, muka yi ta musu har tuwo ya huce. Na ce duwatsunmu suna yin sanƙo, zaizayar ƙasa tana cin hanyar Sakaba, ga dama ta zo ta kore ta saboda harafi biyu. Na ce ko rabi ne a ba su. Ta ce rabin wa, in faɗi sunan sojan da zan je in gaya wa cewa nasa aka zaɓa. Ban sauko ba, kuma har yau idan na wuce wurin nakan hango dajin da ban samu na dasa ba. Da zan tashi ta ce, "Kawo mini itacen da zai zauna da mutum, in sayar maka da shi ko'ina a duniya. Wanda sai an kori mutum zai tsaya, ba na ciki." Na yi damina guda ban neme ta ba. Ita ce ta zo gandun reno wata rana da rana tsaka, ta tsaya a kaina ta ce fushin ya isa haka, tana da aiki.

Aikin shi ne abin da ta daɗe tana wa'azinsa. Manomi ya riƙe gonarsa, ya yi nomansa, a biya shi ladan itatuwan da ya bari a ciki da waɗanda ya ƙara. Ɗorawa, kaɗanya, gawo, tsamiya, itatuwan da matanmu ke samun daddawa da man kaɗe daga gare su, ba turaren da ke shanye ruwan rijiya ba. Ta koma koyarwa, ta riƙa rubuce-rubuce, tana zuwa taruka da kuɗin aljihunta, ta zauna a kujerun baya inda a da take zama a gaba. Ni nake ba da dashe, ita take neman mai saye. Muka bi ƙauyuka daga Dabai har Mahuta, kuma a ko'ina sai ta yi tambaya da Hausa, ta sake yi da yaren gida, ta ware mata ta tambaye su daban. Gaskiya ita ce shirin bai yi girma ba. Mai sayen da ta samo ƙarami ne, abin da ke zuwa kaɗan ne, kuma ba ya zuwa da wuri. Amma ba a kori kowa ba, kuma itatuwan suna nan tsaye, duk mai shakka ya zo in kai shi.

Labarin kalmar nan ya yi tafiya fiye da yadda muka zata. Wani abokin aikinta ya gaya mini cewa yanzu idan aka kawo irin wannan shiri aka ce an samo ƙasar da ba ta kowa, akan sami wanda zai tambaya, saura ce ko saura ne. Har waɗanda ba sa jin Hausa sun iya wannan tambaya. Da na ji haka na ji kaina ya yi girma, na ce ashe kuskuren Hausar tsofaffinmu ma ya shiga duniya.

Sai dai akwai abin da ya hana ta barci duk tsawon shekarun nan. Kamfani ya tafi, amma duwatsun iyaka suna nan, dokar hana sa gatari ma tana nan, domin kafa abu ya fi cire shi sauƙi a ofisoshinmu. Sojoji suka riƙa dawowa suna tarar da gonakinsu a hannun hukuma. Samari suka gama golmo, wasu suka bar matansu a gidan iyaye suka tafi birni acaɓa. Ta taɓa ce mini ta hana a sa musu waya, amma ba ta mayar musu da gona ba, don haka ba ta gama komai ba. Ta yi ta zarya tsakanin Zuru da Birnin Kebbi da Abuja, daga wannan ofis zuwa wancan, mace mai digirin digirgir tana zaune a benci tana jiran magatakarda ya dawo daga cin abinci. Ko da ciwo ya fara cin ta, ba ta fasa ba. Malam Yakubu yakan tuƙa ta, ta kwanta a kujerar baya, idan sun isa ta gyara ɗankwali ta shiga da ƙafarta.

A ranin da ya wuce aka janye dokar. Ina wurin ranar da aka tuge duwatsun, mata suna guɗa, tsohon nan mai gari yana zaune yana kallo. Ita tana kwance a asibiti. Da ruwa ya sauka na je duba ta, na same ta ta rame har na rasa inda zan sa idona. Ba ta bar ni na tambayi jikinta ba. Ta tambaya ko sun yi shuka, na ce sun yi. Ta tambaya me suka shuka, na ce gero da dawa, wasu da wake. Ta rufe ido ta yi murmushi. Sannan ta ce in sa ido kada murna ta sa su share ɗorawa da kaɗanyar da suka girma a wurin, wannan kuma aikin Sarkin Daji ne, ita ta yi nata. Muka yi dariya, na yi mata alkawarin zan kai ta ta gani da kaka. Ba ta kai kaka ba.

A Zuru aka binne ta. Manyan mutane sun zo daga Abuja, sun yi jawabai da Turanci, kuma na ga wasu fuskoki da ban gani ba lokacin da take bukatarsu. Ranar dai ba ta ƙorafi ba ce. 'Yan'uwanta Musulmi da Kirista suka cika gidan har waje. Amma abin da zan mutu da shi a zuciya ya faru ne da sassafe, kafin baƙi su iso. Mun je maƙabarta da masu haƙa, sai muka tarar mutanen ƙauyen nan na bayan Dabai sun riga mu. Da ƙafa suka sauko, da diga da shebur a kafaɗa. Wani mutum mai tafiyar soja, wanda ban sani ba, ya tare mu ya ce masu haƙa su koma gida, wannan aikin nasu ne. Suka haƙa shi yadda suke noman gayya, wannan ya gaji wancan ya karɓa, kuma a cikinsu na gane samari biyu da suka taɓa zaginta a tasha.

Bayan an rufe ta, mutumin nan ya zo gidan makoki da damin gero a kansa, sabon yanka, ko bushewa bai gama ba. Ya sauke shi a gaban Mama Tabita ya durƙusa. Ya ce shi kofur ne, bana ya ajiye aiki, wannan kuma shi ne farkon abin da gonarsa ta ba shi. Ya ce, "Mama, ni ban taɓa ganin ta ba. Na yi shekaru ina gadin ƙasar wasu, na dawo na iske mace ta yi gadin tawa." Mama ba ta yi kuka ba tun da aka kawo gawa, amma da ta ɗora hannu a kan geron nan sai ta fashe, mu ma muka bi ta.

Ina alfahari da cewa na zauna aji ɗaya da Rahila, ina alfahari da cewa ƙasar Zuru ce ta haife ta. Ta samu ilimin da zai kai ta duk inda take so, ta kuma yarda ta rasa kujera da suna don kada a ƙwace wa mutanen da ba sa nan abin da ba su ma san ana ciniki a kansa ba.

Ya Ubangiji, baiwarka ta dawo gare ka. Ka ji ƙanta, ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ta hutun da ba ta samu a duniya ba. Ka ta'azantar da Malam Yakubu, wanda ya tsaya mata lokacin da gari ya juya baya. Ka raya 'ya'yanta, Naomi da Bawa ƙarami, ka ba su zuciya irin tata. Ka riƙe Mama Tabita a tsufanta, domin binne 'ya ba ƙaramin nauyi ba ne. Ka ba mu da muka yi mata gardama da waɗanda suka zage ta ikon riƙe abin da ta bari. Ka sa albarka a gonakin bayan Dabai, masu noma da masu hutawa, kuma duk ɗanmu da ke nesa yau, ka dawo da shi lafiya ya tarar da tasa tana jiransa. Amin.